Ranar da Babanku Ya Ƙi Hawa Goɗiya a Masar

Na gaji da maganar Akawal, dokin Babanku, wallahi na gaji. Yau shekaru ke nan Babanku yana kwance a makwancinsa, amma har gobe in aka yi taro a gidan nan wani ya ambaci doki, sai in ji an yi tsit, ana satar kallona. Kai Babangida, kai ne ba ka iya ɓoye abin da ke ranka ba, fuskar ubanka ka ɗauko. Ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarka Hadiza ina ɗaki na jiyo ka a tsakar gida kana gaya wa matarka wai da Inna ta bar wa Baba dokinsa da bai karye da wuri haka ba. To kunnena bai mutu ba tukuna, gwiwoyi ne kawai suka yi gaba suka bar ni. Ban fito na tanka ba saboda gida cike yake da baƙi, amma tun ranar na ƙudurta sai na rubuta muku abin da ya faru a Masar, ku karanta ko ina raye ko ba na nan, kowa ya huta.

Jikokina da ba su riske shi da ƙarfinsa ba, su sani cewa kakansu dillalin dawaki ne a kasuwar Maigatari. Mutanen Damagaram za su gangaro da dabbobinsu ran Alhamis, mai saye ya zo daga Kano ko Haɗeja, amma ba wanda zai sa hannu a aljihu sai an nemo Alhaji ya buɗe bakin dokin, ya ɗaga kofato, sannan ya hau ya ɗan zaga da shi. Wannan hawan shi ne sana'ar. In ya sauko ya ce a saya, an saya ke nan. Ni kuwa malamar firamare ce, na koyar a Gagarawa kafin a dawo da ni Gumel, amma tun ina amarya aikina na biyu shi ne dawakinsa. Ni ce mai jiƙa dusa da kanwa, ni ce mai zuba harawa in ya yi tafiya, ni ce mai faɗa da yara in sun bar kwatarniyar ruwa ta bushe. Ban taɓa hawa ko ɗaya ba, tunanin haka ma bai taɓa zuwa mini ba, don a wajenmu mace ba ta hawa doki. Akawal shi ne na ƙarshe, baƙi wuluk, tun yana dukushi ya sayo shi. Kullum bayan la'asar sai ya ɗaura masa sirdi su fita kilisa ta hanyar Sule Tankarkar, ba sa dawowa sai an kusa kiran magariba.

Sai ƙugu ya kama shi. Ya yi ta ɓoyewa yana cewa sanyi ne, har ta kai ba ya iya sujada. A Kano suka ce gaɓar ta cinye, sai an sa ƙarfe. Ku kuka haɗa hannu kuka tura mu Masar, Allah Ya yi muku albarka, wannan ban taɓa mantawa ba. Ni kaɗai na bi shi, don kai Babangida ba a ba ka hutu a wurin aiki ba, Hadiza kuma cikinta ya tsufa. Aikin ya yi kyau, amma abin da ya biyo baya shi ya ci ni. Makonni muka yi a wani ɗakin haya a saman bene, ƙarar motoci ba dare ba rana, mutanen garin ko gaisuwa suke sai ka rantse faɗa suke yi. Ni ce ɗaga shi, ni ce kai shi banɗaki, ni ce raka shi gashin ƙashi, kafaɗata ta dama har yau ba ta koma daidai ba. Kukar da na tafi da ita ta ƙare, muka koma burodi da dafaffen wake, shi kuma ya ce wannan ba abinci ba ne, ya daina ci. A ganinmu na ƙarshe da likita aka fassara mana cewa ya yi tafiya da sanda, ya yi salla a kujera na ɗan lokaci, amma doki kam ya manta da shi. Babanku ya yi murmushi ya yi godiya. Muna fitowa ya ce da ni wannan likitan ko jaki bai taɓa hawa ba, ina zai san abin da yake faɗa.

Wata mata 'yar Kano da ta kawo mahaifiyarta asibiti ita ta jawo mana, ba da nufi ba. Ta ce kada mu bar ƙasar ba mu je mun ga dalar Fir'auna ba, akwai wani dattijo a can, Ammu Usman, mutumin Sudan amma asalinsa Bahaushe, kakanninsa sun taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango ba su koma ba. Shi ke yi wa baƙi jagora a kan dawaki, ya zaga da su cikin rairayi ya dawo da su. Ai Babanku yana jin an ce dawaki ya miƙe zaune. Mutumin da ya yi kwanaki yana ture kwano, ran nan ya cinye waken tas har yana tambayar saura. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce saura kwana kaɗan mu hau jirgi, in ƙarfen nan ya goce wa zan kama a ƙasar mutane. Ko kallona bai yi ba. Da safen da za mu tafi wajen dalar ya sa babbar rigarsa mai aiki, wadda ya ce sai ranar komawa gida zai sa, ya tsaya yana gyara hula a madubi.

"Hajiya, yau zan san matsayina," in ji shi. "In na hau a nan, zan hau a gida. In ban hau ba, to."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Amma a ɓoye na riga na sa matar nan ta kira mini Ammu Usman a waya, na gaya masa an yi wa maigidana aiki a ƙugu, ya taimaka ya nemo dabba mai sanyin hali.

Bargar tana cikin wani lungu a ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare rairayi ya fara. Tun daga bakin ƙofa warin kashin doki ya doke mu, na ga Babanku ya ja numfashi kamar wanda ya shigo gidansu. Turawa ne cike da wurin, maza da mata, da gajerun wanduna da hular kwano, ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gero. Akwai wani dakali na siminti mai matakala da aka gina don haka, mutum ya taka ya hau, a jawo masa doki gefensa, ya ɗora ƙafa kawai. Babanku ya bi dawakin da kallo yana gunaguni, wannan an bar shi da yunwa, wancan sirdi ya ci masa baya. Ammu Usman ya fito da farar jallabiya, tsoho ne baƙi siriri, Hausarsa irin ta kakanninmu, ya gauraya ta da Larabci. Suka gaisa kamar sun san juna, har ya riƙe hannun Babanku ya ƙi saki. Sannan ya jawo wata fara gajeriya mai faɗin baya, ya tsayar da ita a jikin dakalin. Ni dai na ji daɗi a raina, don ko ni na ga dabbar nan ba za ta ba da wahala ba. Babanku ya dogara sanda, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago a hankali.

"Wannan ai goɗiya ce."

"Goɗiya ce, ya Hajji. Duk bargar nan babu mai hankalinta."

"A garinmu namiji ba ya hawa goɗiya."

Ku da kuka tashi cikin babura ba lallai ku san nauyin maganar nan ba. A wajen su Babanku goɗiya ta haihuwa ce, a ƙauye ake barinta, namijin da aka gani a bayanta kuwa har jikokinsa sai an yi musu gori. Ammu Usman ya yi masa bayani cewa a nan ba haka ba ne, Larabawa goɗiya suka fi darajantawa, manyansu ita suke hawa. Ni ma na matso na ce masa a hankali, Alhaji wa ya san ka a nan, wa zai gan ka ya kai labari Maigatari. Ya ce shi zai ga kansa. Haka aka mai da ita gefe, aka fito da wani jan ingarma dogo, wanda ko lokacin ƙuruciyarsa sai ya yi da gaske. Aka nufi dakali da shi, ya ce a'a, dakali na yara ne da Turawa, shi daga ƙasa ya saba hawa. Ma'aikatan bargar suka matso za su tallafa masa, ya ɗaga musu hannu. Ya miƙo mini sandarsa.

Ya kama geza da hannun hagu, ya dafa sirdi da na dama, yadda na ga yana yi tun ina amarya. Ya ɗaga ƙafa, ba ta kai likkafa ba. Ya sauke, ya gyara riga, ya sake ɗagawa, ta tsaya a inda ta tsaya da farko. Gumi ya keto masa duk da sanyin safiyar. Daga nan sai ya saki sirdin, ya sa hannu ya kamo ƙafar wandonsa, ya ɗaga ƙafarsa da kansa kamar kayan wani, ya cusa ta a likkafa. Ya yunƙura. Jikin ya ƙi tashi. Ya tsaya a rataye, ƙafa ɗaya a sama ɗaya tana rawa a ƙasa, ba hawa ba sauka. Wata Baturiya da ke kan nata dokin ta fara tafa masa tana ƙarfafa shi, da zuciya ɗaya ta yi, amma da ta san abin da tafin nan ya yi masa da ta bari. Ammu Usman ya yi wa yaransa magana da Larabci duk suka juya baya, shi kuma ya rungumo Babanku ta baya, ya zare masa ƙafar a hankali ya ajiye ta ƙasa. Babanku ya jingina goshinsa a jikin sirdin. Dokin nan, Allah Ya sani, ko wutsiya bai kaɗa ba. Ni kuma ina tsaye riƙe da sanda, na rasa inda zan sa idona.

Da ya ɗago, ba ni ya fara kallo ba, goɗiyar ya kalla.

"Ke hau."

"Ni, Alhaji? Da girmana?"

"An ɗaura mata sirdi tun safe, kada ta yi wahalar banza. Tun kina amarya kike ci da su. Hau ki ji abin da kike wa bauta."

Na so in ƙi, amma na ga in na ƙi babu abin da ya rage sai mu juya mu koma ɗakin nan na saman bene, mu zauna muna kallon juna. Allah Ya taimake ni sanyin ƙasar ya sa ina sanye da wando a ƙarƙashin abaya. Na taka dakalin da ya raina, aka kifa mini hular kwano a kan hijabi, na ɗora ƙafa ina salati. Shi kuma aka samo masa keken doki mai rumfa, irin wanda ake ɗaukar tsofaffi da masu ƙananan yara, ya shiga ya zauna.

Haka muka fita. Ammu Usman a gaba a kan nasa dokin yana riƙe da igiyar goɗiyata, ni a tsakiya na ƙanƙame linzami, keken Babanku a gefe. Muka bi lungu, muka wuce juji da shagunan masu sai da tsarabar baƙi, sai ga rairayi ya buɗe har iya ganin ido. Ammu Usman yana ta ba da tarihi, wane sarki ya gina wannan, wane ne ya gina waccan, ni ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Cinyoyina sun yi tsami, bayana yana sara, zuciyata tana cikin keken da ke gefena. Dalar kuwa tulin duwatsu ne jibga-jibga, sun tuna mini dalar gyaɗa da na taɓa gani a Kano ina ƙarama, sai dai waɗannan ba a ci. Can na ji muryarsa daga cikin rumfa yana cewa in saki linzamin nan haka, ba igiyar guga ba ce, in zauna da ƙuguna in bar dabba ta yi aikinta. Na sassauta hannu. Goɗiyar ta ɗan ƙara sauri da muka fara hawa tudu, iska ta shiga cikin hijabina, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ɗan lokaci na ji gwiwoyina sun daina ciwo. Tun da muka sauka ƙasar nan ni ke ɗaukar nauyin wani, sai ran nan wani abu ya ɗauki nawa. A nan na gane abin da yake fita nema kullum bayan la'asar, na kuma ji haushi da ban gane ba sai ranar da ya rasa shi.

A kan tudun ake tsayawa baƙi su ɗauki hoto. Na ce ban so. Ammu Usman, mutum mai hankali, ya ce zai je ya duba majayin sirdin wani baƙo, ya ja dokinsa ya ba mu wuri. Mai keken ba ya jin Hausa. Ina kan goɗiya, Babanku yana zaune ƙasa da ni, ban taɓa ganin tsakiyar hularsa daga sama ba sai ranar.

"In mun koma, Akawal ba zai zauna a turke yana kallona ba," in ji shi. "Buba zan ba."

Malam Buba amininsa ne, Bafulatanin Ɗanzomo, tare suka yi ƙuruciya a kasuwa. Na ce to ya ba shi mana, ai Buba zai riƙe shi da amana.

"Ba haka za a yi ba. Ke za ki ce ba kya so. Ki ce likita ya hana, ni na ƙi ji, ke kika tsaya kai da fata. Ki yi faɗan a gaban yara."

"Haba Alhaji. So kake su tsane ni?"

"Za su huce, ke kika haife su. Ni kuwa in Maigatari ta ji na kasa kai ƙafa likkafa, babu wanda zai sake kirana in duba masa doki. Gara a ce mace ta fi ƙarfina da a ce doki ya fi ƙarfina."

Kada ku ɗauka kirki ne ya sa na amsa. Gajiya ce. Ba ni da sauran ƙarfin musu, ga rana ta fara zafi, ga mutumin da na sani da taurin kai yana roƙona da ido. Na ce to. Har yau kuma ina cewa a raina, da ya yarda da goɗiyar nan da dakalin nan, wataƙila da ya hau, wataƙila da ya dawo gida an gina masa dakali a barga ya ci gaba da kilisarsa a hankali. Sau ɗaya na faɗa masa haka, a cikin jirgi. Ya juya ya kalli taga har muka sauka Kano.

Sauran kun sani, ko kuna zaton kun sani. Masu zuwa sannu da zuwa suka cika zaure, yana gaya musu ƙugu ya yi garau, kwana kaɗan zai koma kan sirdi. Ni kuma na fara aikina. Na yi faɗa da safe, na yi da yamma, na ce ko ni ko dokin nan a gidan nan. Ashe na iya, don ko Hadiza da ta fi kowa sanina ba ta gane ba. Kai Babangida ka shigo ɗakina ka ce Inna ki ji tsoron Allah, kuma tun daga ranar gaisuwarka ta koma daga bakin ƙofa. A Maigatari suka sa masa suna mijin-ta-ce, yana zuwa a mota ran Alhamis ana tsokanarsa yana dariya, yana cewa ya zai yi, Hajiya ta hana hawa. Suka ci gaba da kiransa ya buɗe baki ya ɗaga kofato, wani ya hau masa yana kallo, har makon da ya kwanta. Abin da ya roƙa ya samu. Hucewar da ya ce za ku yi ce dai har yau nake jira.

Abu ɗaya ne ya faru a gaban idonku ba ku lura ba, ranar da Malam Buba ya zo tafiya da Akawal. Da hantsi ya iso. Ya dubi tafiyar Babanku sau ɗaya daga zaure zuwa tsakar gida, ya sunkuyar da kai, bai tambayi komai ba. Babanku ya ce shi ba zai tsaya ya ga wannan zalunci ba, ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Ni na kwance ragama daga turke da hannuna na miƙa wa Buba. Akawal ya biyo shi har bakin zaure, sai ya kafe. Buba ya ja, ya yi masa magana da Fulatanci, ya shafa wuyansa, dokin nan ya dasa ƙafafu ya juyar da kai yana kallon cikin gida. Ku duka kuna tsaye, kowa yana faɗin tasa, kai Babangida kana cewa ga shi nan ko dabba ta san ba a kyauta ba, Hadiza tana kuka. Tagar ɗakin Babanku tana buɗe kaɗan ta wajen barga. Daga cikinta na ji 'yar ƙarar nan da yake yi da harshe in ya zauna daram a kan sirdi ya saki linzami. Akawal ya ɗaga kunne, ya miƙe wuya, ya taka ya fice da kansa, har Buba yana sauri ya cim masa.

Hayaniyarku ta yi yawa, ba ku ji ba. Buba ya ji, ni ma na ji. Ba ni na kori Akawal ba, mai shi ne ya sallame shi.